Kicin ɗin Bahaguwa

"Wa ya shigo mini kicin?"

Auta ce ta yi tambayar, tana tsaye a bakin ƙofa da makullin gidan a hannu, ko takalmi ba ta cire ba.

Yayarta da ke biye da ita ta ture ta gefe ta leƙa, sai ta hau tafa hannu.

"Kai! Kai! Kai! Auta, wannan kicin ne ko ɗakin barci?"

Gaskiya wurin ya yi kyau, ko maƙiyi ba zai musa ba. Rabon Auta da gidan tun ana fenti, lokacin kicin ɗin bango ne kawai da tayil mai sanyin da ke ratsa tafin ƙafa har cikin ƙashi. Yanzu kuwa an shimfiɗa kafet mai laushi daga gaban murhu zuwa wurin wanke-wanke. An sa wa tagar labule ja mai kauri, an toshe ƙasanta inda iska ke shigowa. Farin ƙwan lantarkin nan mai kashe ido an cire shi, an jera wasu ƙanana masu haske ruwan zuma a ƙarƙashin kanta. Ga yankakken lemo busasshe da sandunan kirfa an zura a zare an rataye saman taga, ƙamshinsu ya cika wurin. A lungu kuma ɗan tebur ne da kujeru biyu, kowace da ƙaramin bargo a ninke.

A waje sanyi ake zubawa mai sa haƙora kaɗawa, a nan ciki kuwa sai mutum ya ji yana son jan kujera ya yi gyangyaɗi.

"Wallahi kin yi sa'ar miji," in ji Yaya. "Nawa ko ƙwan banɗaki ya mutu sai na yi sati ina magiya."



Auta ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi a kan kanta, hannun ya tarar da gefen da babu mariƙi. Ta duba da kyau. Duk kofunan, mariƙansu hagu suke kallo. Ta juya wurin murhu, butar shayi ma haka. Wuƙaƙe da ludayi an rataye su a bangon hagu. Katakon yanka yana hagu. Ta je ta ja ƙofar firji ta inda kowa ke ja, ƙofar ta ƙi. An kwance ta an mayar, yanzu ta ɗaya gefen take buɗewa.

Nan take ɗumin wurin ya fice mata daga jiki.

"Yaya..."

"Na'am?"

"Wannan kicin ɗin ba nawa ba ne."

"Ke dai kin cika sa ido! To na wa ne, nawa?"

"Na bahaguwa ne."

Yaya ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta dubi kofunan, ta dubi wuƙaƙen, ta mayar da bakinta ta rufe. Don ita ma ta sani, a duk dangin ango mutum ɗaya ce ke aiki da hagu, har sunan ya bi ta tun tana ƙarama, kowa 'Yar Hagu yake ce mata. Ɗiyar ƙanwar mahaifiyarsa ce, kuma ita ce Mama, mahaifiyar tasa, ta so ya aura tun farko.

An sha fama kafin a zo nan. Mama ta ce ita ba ta ga abin da ya gani a jikin yarinyar da ke yini tsaye a kantin magani ba, alhali ga 'yar gida an san halinta. Shi kuwa Injiniya, kamar yadda kowa ke kiransa saboda aikin lantarki, bai yi musu ba, bai ɗaga murya ba, bai kuma janye ba. Haka Mama ta haƙura, irin haƙurin da ake yi da baki a bar zuciya. Aka sa rana, aiki ya ɗauke shi zuwa nesa na tsawon watanni, soyayyar ta koma cikin waya. Kullum Auta ta dawo daga kanti sai ta jingina wayarta a kan kantar kicin, ta ɗauki kanta tana girki tana masa hira, ta tura masa ya gani in ya tashi aiki.

Tunda ya dawo kuma ya hana ta makullin gidan. Yau ya ce fenti bai bushe ba, gobe ya ce akwai wayar da bai rufe ba. Yau da safe da ta je gaishe da Mama ta ambaci tana son auna wurin tukwane, sai ga Mama ta miƙo mata makulli ba ko gardama.

"Je ki gani mana," ta ce, har da ɗan murmushi.

Ashe abin da ake so ta gani ke nan?

Ta zaro waya ta kira shi.

"Autata! Zuciyata! Yanzu nake tunaninki..."

"Ina cikin kicin."



"Wane kicin?"

"Kicin nawa gare ka?"

"Kin shiga? Haba Auta! Wa ya ba ki makulli? Ai ban gama ba!"

Tsoro ta ji a muryarsa, ko kuwa kunnenta ne? Ta danne zuciyarta ta saki murya kamar ba komai.

"Ya yi kyau sosai. Wa ya taya ka?"

"Ni... ni na yi abina."

"Kai kaɗai?"

"To, kusan dai. Ina kan sandar wuta yanzu, bari in sauko in kira ki, kin ji gimbiya?"

Kusan!

 Suna saukowa daga bene suka ci karo da matar gidan ƙasa tana kwashe shanya, ta ƙudundune cikin rigar sanyi. Aka gaisa, Yaya ta ce ga amaryar da za ta tare a sama.

Matar ta dubi Auta sama da ƙasa.

"Au, ita ce? Ni na ɗauka waccan ce doguwar, da ta zo rannan da labule a hannu..."

Sai ta kama bakinta, ta sunkuya kan bokitinta.

Yaya ce ta riƙo hannun Auta har bakin titi.

Ya kira da yamma, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, ta kife wayar. Duk wanda ya taɓa zargin wanda yake so ya san yadda abin yake: maganar da ka ji daɗinta jiya, yau ita ce shaida. Ta tuna ranar da ya ce mata yana kasuwa amma ba ta ji hayaniya ba. Ta tuna yadda ya kashe waya da sauri ranar da ta ji muryar mace a bayansa, ya ce ƙanwarsa ce. Komai ya zo ya zauna daram a wurin da zargi ya tanadar masa.

Washegari tana kanti tana jera kwalabe, ƙofa ta buɗe, iska mai sanyi ta shigo da ƙamshin turaren da ta sani.

"Amaryarmu! Sannu da aiki."

'Yar Hagu ce, ta sha ado kamar mai zuwa biki.

"Sannu. Me za a ba ki?"

"Maganin mura. Sanyin gidan nan naku ne ya kama ni, kafin mu toshe tagar."

Mu.

Auta ta ɗauko maganin ta ajiye a gabanta. 'Yar Hagu ta sa hannun hagu ta ɗauka a hankali, tana juya kwalbar yadda ba za a kasa gani ba.

"An ce kin je jiya. Ya kika ga labulen? Shi shuɗi ya so, na ce masa a'a, ja ya fi kawo ɗumi. Yayan nan nawa, duk abin da na ce shi ke nan."

"Ya yi kyau."

"Ai komai daidai hannuna aka sa. Tsayawa ya yi yana cewa, miƙa hannu in gani, nan ya yi miki? Nan fa?" Ta yi dariya. "Ki dai bi a hankali da wuƙaƙen, kada ki yanke. Kicin in ba don mutum aka yi shi ba, wahalar da shi yake."

Ta biya ta fita.

Auta ta shiga bayan kanta ta durƙusa tsakanin kwalaye, ta yi kukan da ba ta taɓa yin irinsa ba. Ba kishi kaɗai ke cin ta ba, har da kunya. Wato ita za a kai gidan, amma wata aka auna? Wato Mama ta ci nasara a ɓoye, ita ana lallaɓa ta ne kawai zuwa wani lokaci?

A gida ta faɗa wa mahaifiyarta ta fasa.

Umma ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Kin fasa me?"

"Auren."

"Saura 'yan kwanaki? Kin tambaye shi?"

"Me zan tambaya, Umma? Na gani da idona, maƙwabciya ta faɗa, ita ma da bakinta ta faɗa!"

"Duk kin ji ta bakin kowa ban da mai maganar. Ni ba zan kai wa babanku zancen kofi da ludayi ba. Ki je ki same shi, yayarki ta raka ki. In kin dawo kina kan bakanki, ni da kaina zan tsaya miki."

Auta ta je, amma ba tambaya ta kai ta ba. Ta cire zoben da ya ba ta, ta haɗa da makullin ta ƙulle a hankici, ta jefa a jaka.

Da la'asar suka same shi a gidan. Yaya ta tsaya a falo ta ce ita nan za ta jira. Yana kan tsani a kicin, sukudireba a baki, yana ɗaura wasu 'yan fitilu a saman kanta. Yana ganinta fuskarsa ta washe.

"Autata! Kin kashe ni da rai, kira nawa na yi..."

"Sauko."

Ya sauko. Murmushin ma ya sauka tare da shi.

"Ta shigo gidan nan ko ba ta shigo ba?"

"Wa?"

"Kada ka raina mini hankali!"

Ya sunkuyar da kai yana murza sukudireban.

"Ta shigo. Sau ɗaya, ita da ƙanwata."

"Ka ce kai kaɗai ka yi."

"Na ce kusan..."

"Kusan! Ka tsayar da ita a kicin ɗina kana auna hannunta, ka juya ƙofar firji saboda ita, sannan ka ce mini kusan? In ita kake so me ya hana ka faɗa? Me na yi maka da za ka kawo ni gidan wata?"

"Saboda ita? Auta, me kike faɗa haka?"

"To me ya sa ita? Duk matan duniya, me ya sa ita?"

"Don ita kaɗai ce bahaguwar da na sani," ya ce a hankali, yana kallon ƙasa kamar wanda ya fasa ƙwai. "Bayan ke."

Auta ta tsaya.

"Bayan wa?"

"Ki yi haƙuri. Na san ba kya son a sani, shi ya sa ban taɓa ɗaga maganar ba. Ban so a ce a bakina ta fara fitowa."

"A san me?"

"Cewa da hagu kike aiki."

"Ni?"

"Auta, ba sai kin ɓoye mini ba..."

"Ni ce bahaguwa?!"

Yanzu shi ma ya rikice. Ya laluba aljihu ya zaro waya, ya buɗe bidiyoyin da ta riƙa tura masa. Ko ɗaya bai goge ba. Ya danna ɗaya ya miƙa mata.

Ga ta nan a kicin ɗin Umma, ta ɗaura ɗankwali, tana yanka albasa tana ba shi labarin wani mai saye da ya zo neman maganin mantuwa ya manta sunansa. Wuƙar kuwa tana hannun hagu. Ya danna wani, tana juya tukunya da hagu. Wani kuma tana zuba shayi da hagu.

"Kin gani? In kina gaban mutane da dama kike komai, in ke kaɗai ce sai ki koma hannunki na gaskiya."

Auta ta ƙura wa wayar ido. Ta dubi hannunta na dama, wanda ta san da shi ta yanka albasar nan. Can idonta ya sauka kan gwangwanin madarar da ke bayanta a cikin hoton.

"Injiniya."

"Na'am."

"Karanta mini rubutun jikin gwangwanin can."

Ya matso da wayar kusa da ido. Ya karkata kai. Ya ƙara karkatawa.

Rubutun a juye yake, daga ƙarshe zuwa farko.

"Kyamarar gaba ce," ta ce. "Juya hoto take yi, kamar madubi."

 Mutumin da unguwa guda ke kira in waya ta rikice, ga shi tsaye baki buɗe a tsakiyar kicin ɗin da ya kwashe makonni yana haɗawa a juye.

"Innalillahi..." ya ce. "Har ƙofar firji!"

Daga falo aka ji Yaya ta fashe da dariya, ashe kunnenta na nan tun ɗazu. Auta ma dariyar ta zo mata, amma kafin ta fito ta rikiɗe ta zama kuka.

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Na ɗauka ciwo ne a ranki." Ya zauna a matakin tsani. "Na ga yadda aka yi wa 'Yar Hagu muna yara, kullum ana buge mata hannu, ana mata dariya. Na ce ke ma haka aka yi miki har kika koyi ɓoyewa. Sai na ce to, a waje ki ɓoye in kina so, amma a gidana ba za ki ɓoye ba. Ki shigo da sanyin safiya, ƙafarki a kan kafet, ki miƙa hannun da Allah ya ba ki ki tarar da komai yana jiranki. So na yi ki gani ki gane na sani, ba sai mun yi maganar ba."

Auta ta toshe baki da mayafi.

"'Yar Hagu kuwa ta san da dama nake aiki," ta ce da ƙyar. "Ta sha zuwa kanti tana kallona ina rubutu. Har can ta biyo ni ta ce komai daidai hannunta aka sa."

Fuskarsa ta canza.

"Na faɗa mata dalili tun ranar. Ta ce lallai ita ma ta lura kina ɓoyewa, kada in kuskura in yi miki zancen." Ya girgiza kai. "Ita ta ce in bar makulli wurin Mama... Bari. Yau ɗin nan zan je, a gaban Mama za ta maimaita abin da ta faɗa miki. Ita ma Mama zan ji da me ta ba ki makullin."

Ya ɗago ya dube ta sosai, ya dubi jakar da ta ƙanƙame a ƙirji.

"Auta, da kika zo yau, me kika zo yi?"

Ta ƙara matse jakar.

"Ina zobenki?"

Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye ta. Ta buɗe jaka ta ciro hankicin, ta kwance a kan ɗan teburin. Zoben da makullin suka yi 'yar ƙara a kan katako.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Wato kin gama yanke hukunci tun daga gida."

"Ka yafe mini..."

"Ni na ga abin da na ɗauka kina jin kunyarsa, na gyara gida ya dace da shi. Ke kuma kika ga kofi ya kalli hagu, kika cire zobena."

"Na ji tsoro ne! Tun farko ba a so na a gidanku, kullum jira nake ranar da za ka gaji ka bi maganarsu. Da na ga kicin ɗin sai na ce ranar ce ta zo. Wallahi ba don ba na son ka ba ne, son ne ya yi mini yawa har na rasa hankalina. Don Allah, Injiniyana..."

Ya miƙe. Ya ɗauki sukudireba ya nufi bangon hagu, ya sauke wuƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ya fara kwance ƙugiyoyin.

 Shi ke nan, rushewa yake yi. Ta tsaya tana kallon bayansa, hawaye na zuba, ta rasa ta inda za ta kama. Ƙugiya ta farko ta fita, ta biyu ta fita. Ya tara su a tafin hannu, ya tsaya yana kallon bango.

Bai juyo ba ya yi magana.

"Ni ma da laifina. Na yi wata da watanni ina son ki da abin da ban tambaya ba."

Ya ja numfashi.

"To yanzu ina tambaya. Malama, da wane hannu kike aiki?"

"Dama," ta ce cikin shessheƙa.

"Kin tabbata? Ba na son in sake kwance firjin nan sau uku."

"Na tabbata!"

"Miƙo shi in gani."

Ta miƙa hannun dama, tana zaton bango zai kai shi ya auna tsayin ƙugiya. Sai ya juyo, ya ɗauki zoben daga kan tebur, ya zura mata a yatsa.

"A wancan hannun yake da," ta ce a hankali.

"Na sani. Don kada ya dame ki wurin aiki na so in ce ki mayar da shi dama, na rasa yadda zan faɗa." Ya dafe goshi. "Kin ga yanzu ma na sake juyawa ko?"

Wannan karon dariyar ta fito mata sosai, da hawayen da komai.

"Bar shi a nan," ta ce, ta dunƙule hannun ta kai ƙirji. "Ko zai dame ni, ba zan ƙara cire shi ba."